Kamun Sabis a Maiwurno

Da can, in Barira na son jin muryar Ɗayyabu,
sai in kwance kwalekwale bayan asuba,
in tuƙa ta har tsakiyar kogi,
inda sanda ɗaya ke leƙowa a fuskar waya,
siririya kamar ƙayar tarwaɗa.
Ita ta ɗaga hannu sama,
ni ina kokawa da ruwa
kada ya ja mu zuwa Sinnar.

Kati ɗaya, kuɗin kwandon albasa.

Ranar da aka aiko hoton jikanta daga Jidda
ya soma buɗewa daga sama,
gashi, goshi, rabin gira,
sai data ta ƙare.
Wata uku cur tana da jika mai goshi kawai,
tana nuna wa mata a bakin rijiya:
ku duba, goshin kakansa ne sak.

Mu'azu mai gyaran rediyo ne ya ce
layin tarhon nan da ke bin titi,
wanda kurciyoyi suka mayar wurin hutu,
bai mutu ba, barci yake.
Muka yi masa dariya.
Ya yi ta sintiri ofishin waya har takalminsa ya huje,
ya dawo da mutum biyu da tsani
da wani akwati da bai kai tukunyar shayi ba,
suka ɗaure shi a wuyan tankin ruwa.

Kowane gida, kuɗin shayi kofi biyu a mako.
Wanda ba shi da shi, a rubuta,
sai mangwaro ya nuna.

Yanzu mai ayaba kan san farashin Madani
kafin dillali ya gama gyaran murya.
Ungozoma ta tambayi likita da tsakar dare.
Yara kuwa, Allah ya shirya,
sai an kira su sau uku.

Barira na zaune ƙarƙashin darbejiya
hoton ya sauko har haɓa.
Ta daɗe tana kallo, ta ce:
ashe hancin na uwarsa ne.

Ni ban rasa aiki ba.
Mutanen tsallake har yau babu akwati a tankinsu.
Da yamma nake ɗebo su,
kowa da wayarsa ƙunshe a leda,
ba wanda ke duban ruwa,
duk ido na kan sanda
suna jira ta zama biyu.