Mai Gyaran Agogo a Quilicura

Bakwai saura kwata,
kafin ruwan shayi ya tafasa,
injin bayan katanga ya wage baki.
Ba sallama.
Sai dai cokali ya fara kaɗa haƙori a cikin kofi.

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran agogo.
Na san kusar da ba ta kai ƙwayar riɗi ba,
na san numfashin da ake riƙewa kafin a ɗaura ta.
Yanzu kusoshina sun yi ƙafa,
su bi teburi kamar tururuwa,
su faɗa ƙasa, in bi su da rarrafe.

Mu mutanen Chile, girgizar ƙasa ba baƙuwarmu ba ce.
Takan zo, ta yi ɓarnarta, ta wuce,
mu ƙirga 'ya'ya, mu share fasassun kwalabe.
Wannan kuwa tana da lokacin shiga aiki,
tana hutun Lahadi,
har lasisinta aka liƙa a ƙofa.

Motoci na ta sauke gawar gine-gine:
matakalar wata makaranta,
ginshiƙin asibiti, rodi a murɗe kamar jijiya.
Injin ya tauna kankare, ya tofar da tsakuwa.
Sun ce alheri ne,
an huta da fasa sabon dutse.
Ban musa ba.
Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Eduvigis, matata, tana bin tsagar bango da fensir,
ta ja layi, ta rubuta kwanan wata,
yadda dā take auna tsayin ɗanmu Nibaldo.
Tsagar ta fi shi saurin girma.

Maƙwabciyarmu Fresia aikin dare take a asibiti.
Da rana ta cusa auduga a kunne,
ƙarar ta zagayo ta ƙafar gado,
ta shige ta ta ƙashin baya.

Jami'in hukuma ya zo da na'urar awo ran Talata,
ranar da bel ɗin injin ya tsinke.
Ya auna kukan kurciya,
ya sha shayinmu, ya ce komai lafiya.

Shida na yamma, shiru ya faɗo kamar bargo.
Agogo goma sha tara a bangona,
kowanne da lokacinsa, ba mai yarda da ɗan'uwansa.
Na ɗauki hantsaki in ci gaba da aiki.
Teburi ya tsaya cik.
Hannuna ne bai ji an kashe injin ba.