Makullin Ɗaki Na Huɗu

Shekara goma sha tara ina riƙe da makullan gidan nan,
bayan Dogon Dutse, inda sanyin asuba
ke shiga ƙashi tun ladan bai buɗe baki ba.
Na san ƙarar mari a ƙafar yaro
kamar yadda na san tarin matata.

Haka muka gada:
a kulle, a aske kai, a daka tsawa,
wata uku a buɗe ƙofa a ce ya warke.
Ba mu taɓa ƙirga masu dawowa ba.
Wa ke auna ruwan da aka ɗebo a kwando?

Sai Sista Nanret ta dawo daga kwas a Abuja
da littafi mai kaurin bulo.
Ta ce masu bincike sun bi sawun mutane shekara da shekaru,
sun ga abin da ke riƙe mutum, da abin da ke suɓutar da shi.
Muka tafa. Aka sha lemo.
Littafin ya yi wata bakwai
yana tokare tagar ofis, kada iska ta buga ta.

Ba ƙiyayya ba ce.
Mu huɗu ne kan gado talatin da biyu,
albashi na tafiyar hawainiya,
kuma tsohon hannu, ko ka ba shi sabuwar fartanya,
kunyar da ya saba yake bi.

Ba ta sake kiran taro ba.
Layi ɗaya ta kwafa, ta liƙa a bayan ƙofa:
Tambaye shi. Sannan ka yi shiru.
Ta ce, "Baba Tanimu, wannan kaɗai, zuwa Juma'a."

Sagiru, ɗaki na huɗu,
ɗan dakon albasa a Farin Gada, zuwansa na uku.
Na zauna kan benci, bakina cike da wa'azi.
Na haɗiye.
Na ce, "Me tiramol ke yi maka da ba ka son rasawa?"
Shirun ya yi tsawo har na ji agogon hannuna.
Ya ce, "Bayana, Baba. Buhu arba'in kafin azahar."

Sau uku yana kwana a hannuna,
ban taɓa sanin yana da baya ba.

Likita ya duba bayan.
Nanret ta sayo rajista mai jan bango:
duk wanda ya fita, suna da lambar waya,
kira kowace Talata, ko ya ɗauka ko ya ƙi.
Wanda gwajin fitsarinsa ya fito fes, mudun shinkafa.
Shugaban kwamiti ya zare tabarau:
"Yanzu biyan mutum za mu yi don ya bar kashe kansa?"
Ba ta tanka ba. Rajistar ta tura gabansa.

Ba duka shafukan ne ke da daɗin karatu ba.
Gyang ya daina ɗaukar waya a mako na shida.
A da sai mu ce ƙaddara, mu kakkaɓe katifa.
Yanzu an rubuta shi, an tambayi inda muka gaza,
na hau keke har Tudun Wada sau biyu.
Uwarsa ta ba ni ruwa. Shi bai fito ba.

Marin yana sito, tsatsa na cin rabonta.
Wani mai walda ya taya, ban sayar ba,
ban kuma san dalili ba.
Har yau in yaro ya ɗaga murya
hannuna kan riga ni zuwa ga makulli.
Sai in dawo da shi aljihu.

Gobe Talata.
Sagiru na kan sikeli yanzu, shi ke rubuta buhuna.
Yakan ɗauka a ƙara ta biyu, cikin hayaniyar motoci,
ya ce, "Baba, tambaye ni."