Sulusin Daƙiƙa

A Tallinn, cikin Disamba,
rana kan tattara kayanta tun ƙarfe uku da rabi,
ta bar wa tagar ofis duhu da dusar ƙanƙara.
Piret ba ta ɗaga kai ba.
Shayinta ya huce tun ɗazu.

Shafin farko ba nata ba ne,
na biyun ma haka.
Wani ya zana jerin jiragen fito masu zuwa tsibiri,
wata ta zana tikiti da farashinsa.
Ita abin da ke tsakani aka ba ta,
'yar tazarar nan da ido ke gani bai san ya gani ba,
inda shafi ke tashi, wani ya zauna a gurbinsa.

Ta rubuta ɗari biyar, ta taɓa gilashi.
Shafin ya taho yana jan ƙafa
kamar yaron da aka aika yana tsakiyar wasa.
Ta rubuta ɗari, ta taɓa.
Ya faɗo kamar an banko ƙofa babu sallama.
To, ɗari uku.
Ya taso da hanzari, ya sauka sannu,
yadda jirgi kan kashe gudu kafin ya jingina da gaɓa.

Tsohuwar wayar gwaji, mai tsagaggiyar fuska,
ita ce ke tona asiri.
Hoto sittin ake nema a kowace daƙiƙa,
sai ta kawo arba'in, tana haki,
ta yi tuntuɓe daidai tsakiyar hanya.
Kwana biyu Piret tana sauke mata kaya:
ta cire inuwa, ta rage nauyin taswira,
har tafiyar ta miƙe.

Tõnis ya leƙo, jaka a kafaɗa.
"Kwana huɗu a kan sulusin daƙiƙa?
Wa zai lura?"
Ta ce, "Ranar da aka lura, ai na gaza."

Asabar ta haye zuwa Saaremaa.
Mahaifinta, Endel, shekara talatin da ɗaya yana ɗaure igiyar jirgi,
yanzu hannun hagu ya daina jin maganarsa.
Ta sa masa manhajar a wayarsa,
ta zauna gefe, ta riƙe numfashi.

Ya danna da babban yatsa, mai kanta.
Babu abin da ya zame.
Babu tasowa, babu saukar nan ta sannu.
Shafi ya dushe kawai, wani ya bayyana.

Sai ta tuna.
Bara, a gadon asibiti, da ya ce waya na sa shi jiri,
ita da hannunta ta kashe masa duk wani motsi.
Wannan dushewar kuwa, ta masu jiri,
a minti goma ta rubuta ta,
tana tsaye, da rigar sanyi a jiki, za ta tari mota.

Ya ce, "Ya yi kyau.
Sai dai ban san ta ina na shigo ba.
A jirgi ko da hazo, ka san inda ka baro."
Ya miƙo mata wayar, ya koma kan kifinsa.

Lahadi da yamma, tsakanin Kuivastu da Virtsu,
rabin awa ce a kan ruwa.
Ba ka tsibiri, ba ka babban tudu.
Wasu na gyangyaɗi, wani yaro na lasar tagar.
Piret ta buɗe kwamfuta a kan cinya,
ta nemo layukan nan shida na minti goma.
Ta bar sunan jirgin daram a sama,
kada ya gusa, kada ya dushe,
komai ya canza a ƙarƙashinsa,
kamar turken da ake jefa wa igiya.

Injin ya sassauta murya.
Ba ta ji lokacin da suka taɓa gaɓa ba.