Tambaya Ta Tara

Malam Jabbi ya raba takarda a aji.
Tambaya ta tara: me ya ja ki ga wannan sana'a?
Ga amsa uku, a ja layi ƙarƙashin ɗaya:
riba, rashin aiki, kishin muhalli.
Na riƙe biro har aka ɗauke wuta,
fanka ta yi juyi biyu ta tsaya,
ban ja layi ba.

Ina zan rubuta 'Yar Gata?
Jar akuya ce, ta kakata Inno Ige.
Haihuwa huɗu, duka tagwaye,
kuɗin jarrabawata daga cikinta suka fito.
Rana ɗaya ta daina tuƙa,
ciki ya zama tulu, haƙarƙari ya zama tsani.
Da mahauci ya farke tumbinta
ba harawa, ba dusa,
sai baƙar leda a naɗe kamar gammo,
har da ta ruwan sha, rubutunta bai goge ba.
Inno ta daɗe tana kallo, ta ce:
"Wanga abu, mu munka ba ta shi."
Ta tashi ta wanke hannu.

Kada in yi ƙarya, da maganar kuɗi.
Yayana Modi, digirinsa na kwance ƙasan akwati,
shi kuma yana kan kabu-kabu
daga Dandima zuwa Tsohuwar Kasuwa,
rana ta dafe masa wuya.
Na ga layin da ya bi. Ba na son in tsaya bayansa.

Shi ya sa duk Asabar, kafin rana ta yi baki,
ni da Luba da Dikko mai dogon buhu
muke gangarawa gefen gadar Kwalkwalawa.
Masu albasa kan jingina da fartanya su yi dariya:
"'Yan boko sun koma 'yan bola!"
Mu tsinta, mu wanke, mu shanya
a igiyar da 'yan ɗakinmu ke shanya hijabi,
mu yanka siri-siri,
sannan hannuna ya tuna abin da kaina ya manta:
ɗaya sama, biyu ƙasa, ja, danne,
saƙar kabar da Inno ta koya mini
tun ana samun kaba a bayan gari.

Jakunkuna sha ɗaya na farko, duk hannunsu ya tsinke.
Wata malama ta dawo da tata,
da tumatir ɗinta da ya fashe a titi.
Na biya. Na kwana ban ci ba.
Ta sha biyu tana nan, Inno ke zuba goro a ciki.

"Lokaci ya yi," in ji Malam.
A gefen takarda, inda ba a bar fili ba,
na rubuta: akuya.
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya ce na'ura ba ta karanta wannan.
Na ce, to.

A bakin ƙofa, wajen masu awara,
wani ɗan akuya na taunar ledar yaji.
Na durƙusa, na zare ta daga bakinsa,
yana ja, ina ja,
da yawunsa da komai na cusa ta a jaka.
Bas ta tafi ta bar ni.