Taku Ashirin

A Runjin Sambo, bayan masu faci,
inda baƙin mai ya jiƙa ƙasa har ta daina shan ruwa,
akwai wata farar Fijo bisa duwatsu huɗu,
kaza na ƙwai a kujerar direba.
Nan muke zama in rana ta yi sanyi.

Jiya an yi tsere a talabijin ɗin Modi.
Wanda ya riga kowa shiga, shi aka ba na biyu,
wai ya tsallake farin layi a kwana ta tara.
Alƙalai suka ɗora masa daƙiƙa biyar
daga ɗaki mai sanyi, ko ƙaurin taya ba su ji ba.

Cindo ya zaro waya, gilashinta duk tsagu:
"Tayu huɗu sunka hita, ga hoto, ku duba!"
Modi ya ce, "Turo shi anka yi!
In an matse ka ga kwana, hiffike gare ka?"
Gardama ta kama kamar wuta a rumbun kara,
mai shayi ya manta madara tana zuba.

Arzika bai ce komai ba.
Yana goge fulogi da gefen riga,
fulogin da ya shekara ashirin bai ga wuta ba.
Can ya ɗaga kai:
"Motocin yanzu kwamfuta ka tuƙa su.
Wagga da kuka gani, kunne aka tuƙa ta da shi.
In ta yi tari, na san mi taka so."

Daga bencin baya Ɓaidu ya yi gyaran murya,
duk muka san inda za a.

Shekara talatin ke nan, safiyar wata Lahadi,
mota bakwai, daga Kwannawa zuwa Dange,
kyautar rago da batir sabo.
Ɓaidu ke riƙe da tuta, tsohon zanen uwarsa a kan gora.
Fijo ta baro kowa, ƙura kawai suke ci,
saura taku ashirin ta yi atishawa, ta mutu.
Arzika ya diro ba takalmi,
ya sa kafaɗa, hannu ɗaya a sitiyari,
ya tura ta har ta haye igiya,
Marsandin Atto na huci a bayansa.

Ɓaidu ya zaro takarda daga aljihu,
ya karanta da ƙarfi gaban jama'a:
mota sai da direba zaune cikinta.
Rago ya bi Atto gida.

"Mota ta shiga, ni na shiga," in ji Arzika,
"wane ne bai shiga ba?"
"Tseren mota munka shirya, ba na ƙahwa ba."
Haka suke tun kafin a haifi Cindo,
kalma kan kalma, kamar karatun allo.

Amma yau Ɓaidu ya daɗe yana juya kofi.
Ya ce, "Arzika, mun tsuhwa.
Takardar nan, babu doka ciki.
Rasiɗin siminti ne.
Atto na bi na kuɗɗi."

Shiru, har kazar ta leƙo ta taga.

Arzika ya hure fulogi, ya duba shi a haske.
"Na sani tun ran nan.
A kihe kar riƙe ta."
"To mi hana ka hwaɗi?"
"In na hwaɗi, mi za mu yi da la'asar shekara talatin?"

Cindo ya buɗe baki, wayarsa ta mutu.
Ladan ya kira magariba.
Tsofaffin biyu suka ja tamfol,
ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, suka rufe Fijo,
suna musu a kan wanda ya ja da yawa.