Bashin Giwa

Ni direba ne, nawa in kai in dawo da su.
Ran Asabar na ɗebo 'yan aji shida daga Darazo,
su talatin da biyu, da malamarsu, da kular zoɓo,
muka shiga Yankari rana ta take tsaka.
Niyyata in kishingiɗa a inuwar maɗaci
in ga bayan gyaɗata kafin gwaggon biri ya hango.

Sai na jiyo murya daga ɗakin tarihi,
murya mai tsatsa kamar ƙyauren langa-langa:
"Ku ɗauke hannu daga gilashi.
Ido ya ci rabonsa, saura kunne."

Baba Ajuji ke nan.
Sunansa ba ya cikin takardar albashi,
amma hantsi ba ya ɗagawa
bai biyo motar masu gadi daga Mainamaji ba,
da koɗaɗɗiyar hula, da sandar gora,
da ɓarin goro guda da zai kai shi la'asar.

Ya ɗaga musu kashin tama, baƙi, mai nauyi,
ya ce kafin kwano, kafin siminti,
a dajin nan an narka dutse ya zama fartanya.
Ya zana rijiyoyin Dukke a ƙasa da bakin sanda,
wannan na shayar da waccan ta ƙarƙashi
kamar zumuncin da ba a shela.
Inda saninsa ya ƙare sai ya ce,
"Nan na tsaya. Mai ba ni labarin ya rasu bai kai aya ba."

Daga kusurwa Iya Lantana, tsohuwar malamar firamare,
ita ma don Allah take zuwa,
tana saƙa tana gyara masa shekaru:
"Da huɗu ne, Ajuji, ba da biyu ba."
"Ke da alli kika sani," in ji shi, "ni da tafin ƙafa."

Can suka iso ga wani tarkon ƙarfe mai haƙora.
Hajjo, wata 'yar siririya mai wushirya,
ta karanta rubutun da ƙarfi:
an karɓe shi daga masu farautar sata.
Ta ce, "Baba, an kama mai shi?"

Shiru.
Har kukan fanka muna ji.

"Shi ya kama kansa. Ga shi gabanki.
Ubana ya ƙera, ni na ɗana,
a bakin Gaji, shekarar da gero ya ƙi ido.
Ɓauna na nufa, ɗan giwa ya taka.
Kwana uku uwar na tsaye a kansa,
tana tura shi da hanci, tashi, tashi.
Ina bisa tsamiya ina kallo
har yunwar da ta kawo ni ta kama gabanta.
Ran na huɗu na saɓo tarkon a kafaɗa na kawo.
Suka ba ni wata shida.
Daga baya suka ba ni kaki."

Iya Lantana ba ta gyara ko shekara ɗaya ba.

Wani yaro daga baya ya ce, "Yanzu nawa ake biyanka?"
Tsoho ya yi dariya har jan goro ya bayyana:
"Ɗana, a ina ka ga an biya mai biyan bashi?"

Da na koma mota, biri ya riga ni,
ya bar mini ɓawo da leda a kan kujera.
Ban ko yi tsaki ba.

A hanyar gida babu waƙa, babu faɗan kujerar taga.
Sai da muka hau gadar Dindima
Hajjo ta taɓa ni a kafaɗa:
"Direba, uwar tana nan da rai?"
Na ce ban sani ba.
Ta ce, "To, in mun koma, a tambaye shi."