Tafinta

Shekara goma sha tara ina ara wa alƙalai baki.
Su yi Turanci, in juya shi Hausa
kamar mai juya masa a tanda:
ba ni na kwaɓa ƙullun ba, ba ni zan ci ba.

Wata Talata, a babbar kotun jiha,
fanka ɗaya na juyi, ɗayar ta mutu tun bara.
Barau mai walda a Panteka
na tsaye, rigarsa ta yi masa yawa.
An ce ya sayi ƙarfen layin dogo
da aka kwance da dare a bayan Rigasa.
Wata goma sha huɗu ana ɗage zama.
Shaidan farko ya ce duhu ne, bai ga fuska ba,
na biyu ya yi ɓatan dabo.
Rasit ɗin da matarsa Kande ta adana
cikin gwangwanin madara
shi ya yi magana a ƙarshe.

Mai shari'a ta cire tabarau, ta yanke.
Na juya na ce masa:
An sallame ka, an kuma wanke ka.
Ya ce, Malam, maimaita.
Na maimaita.
Kande ta fara guɗa, ta toshe ta da gyale.

Ban ga abin da ya faru a bakin ƙofa ba.
Mai rake ne ya ba ni labari:
farar mota, mutum uku,
silifa ɗaya a gefen kwata.

Bayan babbar salla aka aro ni kotun tarayya,
tafintansu na jinya.
Sanyin na'ura, kujeru masu laushi,
sai ga Barau.
Ƙarfen nan dai, daren nan dai, Rigasar nan dai,
sai dai an yi wa tuhumar aski,
an raɗa mata sabon suna:
zagon ƙasa ga dukiyar ƙasa.

Lauyarsa, Ladi Shekari, ta miƙe,
muryarta ta fi jikinta girma.
Ta buɗe tsarin mulki, sashe na talatin da shida,
ta ce wanda kotu ta wanke
ba a mayar da shi cikin taɓon da aka ciro shi.
Lauyan gwamnati ya yi murmushi:
waccan ta jiha ce, wannan ta tarayya,
rijiya daban, guga daban.
Ta ce, to, wuyan da za a sa wa igiyar fa,
guda nawa ne?

Aka ce in karanta masa tuhuma.
Bai dubi alƙali ba, ni ya duba.
Malam, ba kai ka ce an wanke ni ba?

Alƙali ya ce, me yake cewa?
Ni da ban taɓa neman kalma na rasa ba,
na tsaya ina kallon takarda.
Sannan na juya ta Turanci yadda take,
ban rage ba, ban sa mata gishiri ba.
Biro ya tsaya a hannunsa.
Ya ce zai yi hukunci a kan wannan
bayan mako shida.

Mako shida.
Ita ma ni na faɗa masa.

A waje Kande na riƙe da kular tuwo
da ba a bari ta shigar ba.
Ta tambaye ni, wace kotu ce babba,
wadda in ta faɗa an gama?
Na fara lissafa mata su da yatsu,
hadari ya taso daga wajen Kakuri,
muka rabu ban kai ƙarshe ba.